Koriyancin Malama Sa'ida

Duk unguwar Ƙofar Ɗan Agundi an shaidi Malama Sa'ida da tsoron Allah. A 'yan shekarun nan ma shaidar ƙaruwa ta yi, saboda an sha ganinta a kicin bayan azahar, iyafis a kunne, waya a ƙarƙashin mayafi, hawaye na zuba. Maƙwabciyarta Larai, wadda ba ta taɓa ganin abu ta bar shi ya kwana a cikinta ba, ita ta baza labarin cewa Malama wa'azin kabari take saurare. Har wasu mata suka fara roƙon a tura musu irinsa.

Malama ba ta ƙaryata ba. To me za ta ce? Ta ce musu ba kabari ba ne, wani saurayi ne ɗan Koriya, dogo mai gashi har ido, mota ta buge shi ya manta budurwarsa? Ita, mace mai hamsin da ɗoriya, malamar nahawu a Islamiyya, wadda in ta shiga aji ko tari ba a yi? Sai dai ta goge ido ta ce, "Allah ya sa mu cika da imani." A amsa da amin, baƙuwa ta fita, ita kuma ta koma daidai inda Dogo ya farfaɗo a gadon asibiti.

Laifin duk na 'yarta ta fari ne, wadda ba ta kiran sunanta.

Bahijja aka raɗa wa yarinyar, kuma tun ranar suna kalmar ba ta taɓa bi ta bakin Malama ba. Haka ta taso ta gani. Uwarta ba ta kira sunan yayansu ba har ta koma ga Allah, kakarta ma haka. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Da aka yaye Bahijja aka kai ta Goron Dutse wurin Hajiya 'Yardada, mahaifiyar Malam Hashim mijin Malama, yaye ya zama riƙo, ba ta dawo ba. Ƙannenta maza kuwa Malama ta kira sunayensu har maƙwabta sun haddace, da safe a kira su da faɗa, da yamma a kira su da tuwo. Ita kuwa babbar sai dai "'yar Goron Dutse". Ko a aji in aka samu ɗaliba mai wannan suna, "ke mai farin hijabi" ce har ta gama makaranta. Yarinyar ma ta taso tana kiran kakarta Inna, uwarta kuma Malama, yadda 'yan aji suke yi.

Malama ba ta ganin wani aibu a nan. Tana ma ɗan alfahari da shi, don matan yanzu sai ka ji uwa ta buɗe baki ta kira ɗan farinta tun daga soro, ko a jikinta. Kunya ce ba ƙi ba, kowa ya sani. Ta ɗauka yarinyar ma ta sani.

Da Bahijja ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a Koriya, ranar tafiyar Malama a kicin ta wuni tana ƙulla kuka da daddawa da yaji a leda. Ta miƙa wa Malam Hashim ta ce, "A ba wa matafiyar." Ba ta raka ta ko soro ba. Sai bayan motar ta tashi ne hankalinta ya tashi shi ma. Wace irin ƙasa ce wannan? Mutanen kirki ne? Suna gaida manya? Me suke ci? Ba wanda za ta tambaya ba tare da an gane ta damu ba.

Shi ya sa wata Asabar ta sa niƙabi, abin da ba ta saba ba, ta wuce shagunan tura finafinai na unguwarsu, ta taka har Ƙofar Nassarawa inda take ganin ba a san ta ba. Ta miƙa wayarta ta ce tana son fim ɗin Koriya, bincike take yi.

Mai shagon ya ce, "Hajiya, na soyayya ko na faɗa?"

Ta ce, "Na tarbiyya."

Ya tura mata na soyayya, mai kashi-kashi, wanda aka fassara da Hausa. Ta yi niyyar kallon kashi ɗaya ta ga halayensu ta goge. Wake ya ƙone sau biyu a makon nan.

Binciken dai ya yi amfani, ba za a ce bai yi ba. Ta gano suna cire takalmi a bakin ƙofa, suna rusuna wa manya, kuma surukarsu ba ta da sauƙi, wannan kam ba baƙon abu ba ne. Amma abin da ya kama ta daban ne. Mai fassarar mutum ɗaya ne, shi ne saurayin, shi ne budurwar, shi ne tsohuwar, duk da murya ɗaya kamar mai sanarwa a tasha. A ƙarƙashin muryarsa kuwa ana jin ta 'yan fim ɗin tana leƙowa. Kunnen da ya shekara talatin yana farautar wasali a bakin ɗalibai ba zai ƙyale wannan ba. Ta lura duk lokacin da mai fassara ya ce "na ci", ko "ya tafi", ko "kin zo", maganar da ke ƙasa da "sso" take ƙarewa. Mogosso, an ci. Gasso, an tafi. Wasso, an zo.

"Fi'ilin madi, aikin da ya wuce!" ta faɗa da ƙarfi ita kaɗai a kicin, har kaza ta tsorata.

Daga nan abin ya zama ciwo. Ta riƙa maido da fim baya tana kasa kunne. Ta gane in da babba ake magana akwai wata jela da ake ƙarawa a ƙarshe don ladabi, in kuma aboki ne ko masoyi ko ɗan da ka haifa sai a yanke ta. Ba ta wahalar da kanta da mai jelar ba. Ta ce wa kanta gajeren ya fi sauƙi ne, ba wai don akwai wadda take son yi wa magana da shi ba. Wani abin da ya ba ta haushi kuma, mutanen nan ba sa faɗin abin da ke ransu sai ya wuce. Sai an rabu, an sha wuya, mota ta buge wani, sannan a tsaya cikin ruwan sama a ce na jira ka, na yi kewarka. Takan yi tsaki ta ce wa wayar, "Da bakinka ciwo yake yi?" Ko sau ɗaya ba ta ji tsakin ya dawo kanta ba.

Kaji ta fara gwadawa. In ta watsa musu tsaba sai ta duba hagu da dama ta ce, "Baf mogosso?" wato kun ci abinci. Wata rana Malam Hashim ya fito alwala ya ji ta.

"Malama, Fillanci kika koma?"

"Tasrifi nake bita."

Ya tsaya da buta a hannu. Shi ma ya yi karatun zaure daidai gwargwado, bai taɓa cin karo da wannan babin a Larabci ba, amma ya daɗe da sanin ba a jayayya da Malama a kan tasrifi. Ya ce Allah ya ƙara basira, ya wuce.

Duk Juma'a Bahijja takan kira babanta a bidiyo. A ranar ne Malama take tuna akwai shara a daidai bayan kujerarsa. Takan yi ta share wuri ɗaya tana satar kallon fuskar da ke cikin wayar, ta rame ko ba ta rame ba. In Bahijja ta ce, "Malama, ina wuni," sai ta amsa wa tsintsiya, "Lafiya lau." Can ta ce wa Malam, "Tambaye ta ko ana samun abin ci." Alhali "baf mogosso" na nan a bakinta, ta wanke shi tas a kan kaji. In an kashe wayar sai ta koma kicin ta zagi kanta. Ga ta da yare uku yanzu in an haɗa da na kaji, ba ko ɗaya da ta iya yi wa 'yarta magana da shi.

Ana haka Hajiya 'Yardada ta rasu, ba ta yi wata doguwar jinya ba.

Bahijja ba ta samu jana'iza ba, sai ana gobe sadakar bakwai ta iso. Tsakar gidan Goron Dutse cike yake da mata a kan tabarmi lokacin da ta yi sallama. Gwaggwanninta suka rungume ta aka yi ta kuka. Da ta lafa, ta rarrafo ta durƙusa a gaban Malama, idonta jawur, kusa sosai har gwiwarta na taɓa ƙafar uwar. Malama ta ji "wasso" ya taso mata har maƙogwaro, kin zo. Ta ji hannunta yana son tashi. Amma idon mata na kanta, don haka ta kalli tabarma ta ce, "An zo lafiya? Ya ƙarin haƙuri?" Sannan ta juya ga wata ƙanwar Malam ta ce, "A ba wa baƙuwar ruwa."

Wata tsohuwa a gefe ta ce, "Kai, Malama akwai kunya, irin ta mutanen da. Yanzu ina ake samun wannan?"

Abin takaicin shi ne yabon ya yi mata daɗi. Ta ɗan gyara zama ma. Sai da ta ɗago ta ga bayan Bahijja ta nufi ɗakin marigayiyar ita kaɗai, sannan daɗin ya koma mata ciki ya tsaya kamar ta haɗiyi ƙashi.

Bayan an tashi daga zaman makoki Bahijja ta dawo Ƙofar Ɗan Agundi don ta ƙarasa 'yan kwanakin da suka rage mata. Zaman baƙuwa ta yi. Tana neman izini kafin ta taɓa tulu. Malama kuwa ta yi ta dafa abin da ta san tana so, don ta shekara da shekaru tana tatsar labarinta a bakin Hajiya 'Yardada da dabara: ɗanwake da yaji mai tafarnuwa, ban da ƙwai. Sai ta zuba a kula ta ajiye a bakin ƙofa ta yi gyaran murya ta tafi.

Ana gobe tafiya, da la'asar, tana shara kusa da ɗakin Malam, sharar gaskiya wannan karon, ta ji muryar yarinyar.

"Baba, sun ce in na gama za su riƙe ni aiki a can. Da na ce musu a'a saboda Inna. Yanzu zan karɓa."

"Ki zauna can ke nan?"

"To wa nake da shi a nan, ban da kai?"

"Subhanallahi. Mahaifiyarki fa?"

Malama ta riƙe tsintsiya ba ta motsa ba.

"Baba, na san al'ada ce. Tun ina yarinya Inna take ce min kunya ce. Na yarda. Amma ni ban taɓa ganin abin da ke bayan kunyar ba. Ban san ko akwai wani abu a wurin ba."

Malam ya fara kame-kame, yana cewa ai uwa uwa ce. Malama ba ta tsaya jin sauran ba. Ta koma kicin ta zauna a kan turmi. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da jirgin ya tashi da yarinyar. Wancan karon aro ta bayar. Wannan karon in ta bari aka fita da akwatin nan, shi ke nan, sai dai fuska a waya ranar Juma'a har ranar da za a daina kiran. Ta tuna tsakin da take yi wa Dogo. Shi aƙalla mota ce ta buge shi, ita fa me ya buge ta?

Da safe ta yi ɗanwake. Ta kai bakin ƙofa, ta yi gyaran murya, ƙafarta ta juya za ta tafi yadda ta saba. Ta tilasta mata ta shiga.

Bahijja na durƙushe gaban akwati. Ba irin haɗa kayan mai dawowa take yi ba. Ta saka carbin Hajiya 'Yardada, da tsohon zanenta na saƙi, da hotunan yarintarta duka, har da kwanon shan da take sha da shi tana ƙarama. Ta ɗago da mamaki ta ce, "Malama, ina kwana. Da kin bari na zo na ɗauka."

Malama ta ajiye kular. Ta juya ta fuskanci taga, don ba za ta iya da ido ba. Ta yi wa kanta fatawa a tsaye: kunyar da ta gada da Hausa aka gada, iyayenta ba su ce komai a kan Koriyanci ba. Ta san fatawar ba ta da ƙafa, da ɗaliba ce ta kawo mata irinta da ta sha faɗa. Ta buɗe baki da muryar da take jan baƙi a aji.

"Baf mogosso?"

Sai ƙarar zif da ya tsaya a rabi.

"Na'am?"

"Baf mogosso," ta maimaita wa labule.

"Malama, me kika ce?"

Tunda an riga an tsoma ƙafa, ta ce bari ta juye sauran. Guda biyu ne suka rage, ta ajiye su tun daga kashi na ƙarshe, ba ta taɓa ɓata su a kan kaji ba.

"Gidaryosso," ta ce. Na jira. "Bogo shifosso." Na yi kewarki.

Ta ji wani sauti a bayanta, ta ɗauka kuka ne. Da ta saci kallo sai ta ga Bahijja ta zube a ƙasa ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Dariya take yi. Malamar nahawu guda, an yi mata dariya a kan lafazi.

"Wayyo Allah, Malama! A ina? Wa ya koya miki?"

"Wa'azin kabari ne, in kin tambayi Larai."

"Tsaya, tsaya. Na jira, na yi kewarki. Ba wani dogo ba ne da mota ta buge shi? Ai shi ya faɗi haka a tashar jirgin ƙasa!"

"A bakin asibiti ne," Malama ta gyara mata da zafi. "Tashar ai sai daga baya, da uwarsa ta..." Ta kama bakinta, amma an riga an ji.

Bahijja ta yi dariya har ta kwanta a kan akwati. Malama na tsaye, kunnuwanta na zafi, tana addu'ar ƙasa ta tsage. A hankali dariyar ta canza. Ba a ga inda ta juya ba, sai dai aka ji ta koma shessheƙa. Yarinyar ta tashi zaune ta goge fuska, ta kalli uwarta ido cikin ido, ta jero wata magana doguwa da Koriyanci, mai sauri, ba mai fassara a kai.

Malama ta kasa kunne iya ƙarfinta, ba ta tsinci ko "sso" ɗaya ba.

"Nawa ya ƙare," ta ce a hankali. "Iya abin da na tanada ke nan."

"Cewa na yi, wa kika jira?" Bahijja ta faɗa da Hausa. "A fim ɗin ai sai da ya kira sunanta, sannan ta juyo."

To, nan fa fatawa ta ƙare. Suna ba shi da Koriyanci. Malama ta ji uwarta da kakarta da tsohuwar nan mai yabo duk sun zo sun zauna mata a kan harshe. Ta kalli ƙofa. Ta kalli taga, ko Larai na leƙe ta katanga. Ta kalli kwanon shan da ke cikin akwatin, ita ta saye shi a kasuwar Kurmi da cikin yarinyar nan, ta ba wa Hajiya 'Yardada ta ce wai tsintarsa ta yi a cikin kayanta.

"Bahijja," ta ce.

Ya fita a karkace, a shaƙe, Koriyancin ma ya fi shi fita daidai. Ba mamaki, shi ta yi bitarsa.

"Na'am."

"Bahijja."

"Na'am, Umma."

Ba su yi irin ta fim ba, ba ruwan sama, ba kiɗa. Bahijja ce ta matso ta kifa kanta a ƙafafun uwarta, Malama kuma ta rasa inda ake sa hannu, ta ɗora shi a kan ɗankwalin yarinyar ta bar shi a nan. Daga soro Malam Hashim ya ɗaga murya cewa mai mota ya iso.

Bahijja ta share ido ta jawo akwatin. Ta ciro zanen saƙin, da hotunan, da kwanon shan, ta tara su a kan gado. Carbin kawai ta bari.

"Ajiye min waɗannan, Umma. Nauyi za su yi min. In na gama na dawo na karɓa."

Malama ta ce to. Ta buɗe kular ta tura mata. "Ci kafin ya huce. Ban sa ƙwai ba."

Wannan karon ta raka ta har soro, har bakin lungu, ta tsaya sai da motar ta sha kwana.

Bayan azahar Larai ta leƙo aron rariya, ta tarar da ita a kicin a kan turmi, hawaye na zuba. Ta duba kunnenta ba iyafis, wayar ma na can kan taga.

"Malama, yau kuma wane malamin ne? Ko har kin haddace wa'azin?"

"Ba wa'azi ba ne," Malama ta ce. "Bahijja ce ta tafi."

Larai ta saki baki. Shekarunsu nawa katanga ɗaya, ba ta taɓa jin wannan suna a gidan nan da muryar mace ba.

"Wa kika ce?"

Malama ta fyace hanci da gefen mayafi, ta ɗago ta kalle ta.

"Bahijja. 'Yata. Ta fari."